Turken Kogo da Jigayin Gaya: Ina Aka Ajiye Tarihin Damina?

A wani rani da ya gabata na tsaya bakin wata rijiya da ake haƙawa a wani ƙauye tsakanin Gaya da Kademi. Mai haƙa yana can ciki, samari biyu suna jawo guga suna juye ƙasar a gefe, kowace iri da tsibinta. Ga jan rairayin sama wanda kowa ya sani. Ga wani mai haske, lallausa kamar garin tuwo. Ga laka ruwan toka mai manne wa yatsa. Da aka yi nisa sai guga ya fito da yashi gauraye da 'yan tsakuwoyi masu santsi. Dattijon da ke kula da aikin ya ɗauki ɗaya, ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙo mini.

"Malam, ka ga wannan? Ba abin da ke goge dutse haka sai ruwa mai gudu. Nan inda kake tsaye kogi ya taɓa bi."

Na ce, "Baba, yaushe?"

Ya ce, "Wannan kuma sai Allah. Kakana bai gani ba, nasa kakan ma bai gani ba."

Tun ranar tambayar nan take bina. Gane cewa ƙasa ta taɓa jiƙa ko ta taɓa ƙeƙashewa ba wuya, manomi da mai haƙar rijiya sun riga kowa sani. Wuyar tana wajen sanin yaushe, da tsawon shekara nawa, da kuma sau nawa abin ya maimaitu. A 1905 aka fara rubuta awon ruwan sama a Kano. Cikin shekara 120 ɗin nan an ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, an ga farin 1973 da na 1983, shekarun da Kano, wadda ta saba samun sama da milimita 800, ba ta ko kai 500 ba. Kusan duk lissafin da ake yi a kan girman madatsar ruwa, tsayin gada, faɗin magudana da irin da za a raba wa manomi, a kan wannan ɗan rubutun ya dogara. Amma shekara 120 a rayuwar damina kamar mutum ya ci kasuwar Gaya sau ɗaya ne, ya dawo yana cewa ya san farashin gero na shekara. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci yunwa a zamanin wasu sarakuna, sai dai ba ya faɗin yawan ruwan da ya sauka.

A wasu ƙasashe masana sun sami amsar "yaushe" a cikin kogo. Mu a nan in aka ce kogo, abin da ke zuwa zuciya shi ne Hira da Saur da mutanen Kahfi, ko maɓuyar kura a gindin dutse. Kogon da ake nufi a wannan ilimi wani iri ne daban, wanda ruwa ya rarake a cikin dutsen farar ƙasa, irin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti.

Ga yadda abin yake. Ruwan sama yana ratsa ƙasa, ya kwashi iskar kabon da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa, sai ya ɗan yi tsami. Wannan tsamin ne ke narkar da dutsen a hankali. Idan ruwan ya ɓullo a rufin kogo ya haɗu da iska, sai iskar kabon ɗin ta fice kamar yadda take ficewa in an buɗe kwalbar lemo, farar ƙasar da ya narkar kuma ta daskare. Wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar mai shayi ya ga farin ɓawon da ke lulluɓe gindinta, ko ya ga 'yan fararen tsinkayen da ke reto a ƙarƙashin tsohuwar gadar siminti mai yoyo, ya ga danginsa. Abin da ke reto daga rufi kamar hantsar saniya shi ake kira sitalaktait. Wanda ke tasowa daga ƙasa daidai inda ɗigon ke sauka shi ne sitalagmait, ni kuwa turke zan kira shi, don kamarsa ke nan. Masana sun fi son turken, saboda yana girma hawa-hawa a tsare, sabo bisa tsoho, ba ya ruɗewa. Girman nasa ba gaggawa: da yawa ba sa ƙara ko milimita ɗaya a shekara, wasu sai sun shekara goma ko fiye kafin su yi hakan. Turke mai tsawon kamu biyu yana iya ɗauke da labarin dubban damuna. Idan aka tsaga shi a tsaye aka goge, sai a ga layi-layi kamar an yanka albasa.

Abin da ya ɗaga darajar turken kogo a kan sauran shaidu shi ne agogon da ke cikinsa. Ruwan da ke ratsa dutse yana ɗauke da ɗan yuraniyam kaɗan, ma'adinin nan da ake haƙa a Arlit ta Nijar. Yuraniyam yana narkewa a ruwa, amma toriyam, wanda yuraniyam ke rikiɗewa ya zama, ba ya narkewa. Saboda haka ranar da wani hawa ya daskare, yana da yuraniyam, ba shi da toriyam. Daga nan toriyam zai fara taruwa da saurin da aka sani, wanda zafi ko sanyi ba sa canza shi. Ka ɗauka randa ce mai ɗigo aka tara mata kwano fanko: in ka san saurin ɗigon, ka auna ruwan da ke kwanon, ka san tun yaushe aka ajiye shi. Sai dai kwanon ma yana da 'yar huda, don rabin toriyam yana ɓacewa duk bayan kimanin shekara 75,000, shi ya sa agogon ke daina aiki a wajajen shekara 600,000. Tun 1987, lokacin da Larry Edwards da abokan aikinsa a Amurka suka fito da hanyar ƙirga waɗannan ƙwayoyin zarra da na'ura kai tsaye, ɗan garin dutse da bai cika ƙaramin cokali ba ya isa awo. Hawan da ya shekara 10,000, in dutsen mai tsabta ne, ana iya faɗin shekarunsa kuskuren bai wuce 'yan gomiya ba.

Wannan ya amsa "yaushe". Yawan ruwan fa? A nan sai a koma ga oksijin da ke cikin ruwa. Iri biyu ne suka shafe mu, mara nauyi mai lamba 16, da mai nauyi mai lamba 18, wanda bai wuce biyu cikin dubu ba. Hadari yana yi musu abin da iska ke yi wa hatsi a wajen shiƙa: mai nauyi ya riga faɗuwa, mara nauyi ya yi gaba. A ƙasashe masu damina irin tamu, shekarar da hadari ya yi ƙarfi ya zubar da ruwa mai yawa a hanya, ruwan da ke isowa yakan zo da ƙarancin mai nauyin. Shekarar fari kuwa akasin haka. Ɗigon kogo yana shigar da wannan bambanci cikin dutse ya kulle. Sai a bi tsayin turken da ɗan ƙaramin abin huji, ana ɗibar gari taki-taki, ana aunawa. Kabon ɗin da ke ciki shi ma yana magana, domin ciyawa da dangin gero da dawa suna barin alama dabam da ta itatuwa, don haka ana iya gane ko daji ne ya rufe saman kogon ko fili ne. Inda turke ya daina girma ɗungurungum na ɗaruruwan shekaru, sau da yawa ɗigon ne ya ƙafe.

Da wannan hanya ƙasar Sin ta sami tarihin daminarta fiye da kowa. An fara da kogon Hulu kusa da Nanjin a 2001, zuwa 2016 Hai Cheng da tawagarsa sun haɗa turaka daga kogwanni da dama suka fitar da tarihin shekara 640,000 ba yankewa. Abin da ya fito fili shi ne damina tana ƙarfi tana rauni bisa wani zagaye na kimanin shekara 23,000, wanda ya yi daidai da layin da duniya ke yi a kan ƙafarta kamar katantanwar yara in ta kusa tsayawa. Wannan layin ne ke ƙara ko rage zafin bazara a arewacin duniya, zafin bazara kuwa shi ke jawo iskar damina daga teku. Dokar ba ta Sin kaɗai ba ce, ta shafi iskar da ke taso mana daga Tekun Gini.

Kusa da mu kaɗan, a ƙasar Oman, Dominik Fleitmann ya yi aiki a kogwannin Kunf da Hoti. Na farko ya nuna damina mai ƙarfi a kudancin Larabawa kimanin shekara 10,000 da suka wuce, wadda ta yi ta ja da baya sannu a hankali. Na biyu, a binciken da aka buga a 2022, ya nuna matsanancin fari a farkon ƙarni na 6 Miladiyya, daidai lokacin da daular Himyar ta Yaman ta raunana har Habashawa suka ci ta a wajajen 525. A Indiya, turke guda daga kogon Mawmluh aka ɗauka a 2018 ya zama ma'aunin da ya raba zamanin da muke ciki da wanda ya gabace shi, saboda alamar wani babban fari na shekara 4,200 da suka wuce. A Habasha kuma Asfawossen Asrat na Jami'ar Adis Ababa, tare da Andy Baker, sun sami turaka a kogwannin Mechara masu layi ɗaya kowace shekara, ana ƙirga su kamar kunyoyin gona. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni, don ɗan ƙasa ne ya tsaya a kan aikin ƙasarsa.

Ba na so mai karatu ya ɗauka dutse ba ya ruɗi. Har yau masana suna jayayya a kan ko oksijin na kogwannin Sin yawan ruwan wurin yake nunawa, ko kuwa canjin tekun da hadarin ya taso ne. Kogon da iska ke kaɗawa a ciki yana busar da ɗigo kafin ya gama aikinsa, ya ɓata awon. Laka in ta shiga dutsen tana zuwa da nata toriyam, ta sa sabon hawa ya yi kama da tsoho. Ɗigo yana iya tsayawa don tsagar da yake bi ta toshe, ba don fari ba. Shi ya sa mai aiki da hankali ba ya yarda da turke guda sai ya ga na biyu ya faɗi abin da na farko ya faɗa, kamar shaidu a gaban alƙali. Inda kuma na fi yin taka-tsantsan shi ne saurin ɗora wa fari laifin faɗuwar dauloli. Da aka buga binciken kogon Wanxiang a 2008, aka danganta raunin damina da ƙarshen daulolin Tang da Yuwan da Ming, wasu masanan Sin masu nazarin tsoffin takardu sun musa. Mu da muka ga 1973 mun san fari ɗaya ne, amma gidan da ke da rumbu da dangi da sana'ar rani bai sha irin wahalar wanda ba shi da su ba. Dutse yana faɗin ruwa, ba ya faɗin adalcin sarki ko zaluncinsa.

To, ina namu kogon? Gaskiya mai ɗaci ita ce, in aka shimfiɗa taswirar kogwannin duniya da aka yi wa wannan nazari, Turai da Sin cike suke, Afirka tana da 'yan ɗigo a Maroko, Habasha, Madagaska da kudanci, amma Afirka ta Yamma kusan fili ne fetal. A ƙasar Gaya da Ajingi dalilin a ƙarƙashin ƙafarmu yake. Yankin yana bakin iyakar ƙasa iri biyu: ta yamma da kudu tsohon dutse ne mai tauri, dangin giranit, ta gabas da arewa kuma yashi da laka ne da suka taru a kwarin Chadi. Babu ɗayansu da ke yin kogo mai ɗigon farar ƙasa. Dala ma, inda labarin baka ya ce maƙeran Gaya suka je neman tama har aka sami Abagayawa, marmara ce ta rufe kansa. Kogwannin da ke kusa da mu, irin na Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu, rumfunan giranit ne. Abin da suka ajiye mana zanen shanu ne, da yawansu marasa tozo, wanda aka sanar wa duniya a shekarun 1950. Shaida ce mai daraja a kan makiyayan da, amma ba agogo a jikinta irin na turke.

Rashin kogo bai sa ƙasar ta zama bebiya ba. Jigawar da ake shuka gero da gyaɗa da wake a kai, daga Shagogo zuwa Toranke da Balare, har ta miƙe cikin jihar da ta ci sunanta, ita kanta shaida ce. Wanda ya duba hoton tauraron ɗan'adam na ƙasar da ke tsakanin nan da Haɗeja zai ga tudu da kwari sun jeru layi-layi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, hanyar da iskar hunturu ke bi. A 1958 wani masanin Ingila, A. T. Grove, ya rubuta cewa waɗannan jigayi tsoffin tuddan hamada ne da suka kwanta. Tudun rairayi mai tafiya ba ya rayuwa sai inda ruwan shekara bai wuce kimanin milimita 150 ba, ke nan akwai lokacin da bakin Sahara ya gangaro kudu da kilomita 400 zuwa 500 daga inda yake yau. Janet Nichol, wadda ta koyar a Jami'ar Bayero, ta nuna da hotunan tauraron ɗan'adam a 1991 cewa sawun tuddan ya yi kudu fiye da yadda aka zata. Mafi tsananin bushewar ta zo daidai da zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, kimanin shekara 20,000 da suka wuce. Ibrahim Goni na Jami'ar Maiduguri da Mike Edmunds sun auna ruwan da ke can ƙasa a kwarin Chadi, suka tarar ya shiga ƙasa tun wajajen wancan zamani, lokacin da yankin ya fi yau sanyi da kusan digiri 6. Wasu rijiyoyin burtsatse na Borno tsohon ruwa suke zuƙa, wanda daminar bana ba ta mayar da shi.

Sannan abin ya juya. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Tafkin Chadi ya cika ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, alhali a 1963, da ake ganin ya cika, 25,000 ne. Tsohon bakin gaɓarsa shi ne dogon tudun da ya bi ta Bama da Maiduguri. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale a zurfin mita 5, tsawonsa ya haura mita 8, awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Hazon da ke sauka a kan tagoginmu da hunturu, wanda Grant McTainsh ya tara ya auna a Kano a ƙarshen shekarun 1970, yawancinsa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, wato busasshen gindin wancan tafki. Ƙurar da uwargida ke sharewa da safe a Ajingi, lakar tsohon ruwa ce.

Shaidar da ta fi tayar mini da hankali daga Kajemarum ta fito, wani ɗan kwari mai ruwa a cikin jigayin Manga a arewacin Yobe. Lakar da aka zaro daga gindinsa ta ba da tarihin shekara 5,500, aka buga a 2000. Ta nuna ƙasar ta juya zuwa bushewa kimanin shekara 4,100 da suka wuce, ta kuma nuna dogon fari tsakanin shekara 1,200 zuwa 1,000 da suka wuce, wanda farin da ya fara a 1968 bai kama ƙafarsa ba wajen daɗewa. Tafkin Bosumtwi na Gana ya ba da labari mai kama da wannan a 2009: fari na shekara 30 zuwa 40 abu ne da ya saba dawowa, akwai kuma wanda ya ɗauki daga wajajen 1400 zuwa 1750. Bununin furanni da aka tono a Tafkin Tila kusa da Biu shi ma ya nuna itatuwan ƙasa mai laima sun taɓa rufe wurin kafin su ja da baya.

Wani zai ce, tunda yanayi ya saba juyawa da kansa, me ya sa ake damun mu da batun ɗumamar duniya? Ni a ganina wannan tarihi ƙara tsoro yake yi, ba rage shi ba. Ya nuna daminar yankinmu ba ta da wuyar gocewa: ɗan canji a zafin rana ya mai da gonakinmu hamada, wani ɗan canjin ya kawo kwalekwale Dufuna. Yanzu kuma hayaƙin da ɗan'adam ke fitarwa yana tura ta da saurin da ba a saba ba. Wani bincike na 2017 ya nuna manyan hadurra masu zubar da ruwa lokaci guda sun ninka sau uku a yankin Sahel tun 1982. Mutanen Ringim da Haɗeja sun ga haka a ambaliyar 2022, mutanen Maiduguri sun gani da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024.

Duk da haka shaidunmu suna da rauni ɗaya, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Agogonsu bai kai na kogo ba. Ana iya auna ranar ƙarshe da ƙwayar rairayi ta ga hasken rana, ta hanyar kafa bututu a jikin jigawa a zaro yashi ba tare da haske ya taɓa shi ba, amma kuskuren awon yakan kai kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. A shekara 20,000, wannan ya kai shekara dubu ko biyu. Ƙananan tafkuna kuma suna ƙafewa a lokacin fari, iska ta kwashe lakar, wato shafin da aka fi buƙata shi ne ke yagewa. Manomi ba zagayen shekara 23,000 ne ya dame shi ba. Abin da yake so ya sani shi ne sau nawa damina ke gazawa shekara uku a jere, kuma in ta gaza, yaushe take dawowa. Turken kogo ne ya fi iya ba da irin wannan amsa.

Nijeriya kuwa ba ta rasa dutsen farar ƙasa ba. Akwai shi a Kalambaina ta Sakkwato, akwai a Ashaka ta Gombe, akwai a Yandev ta Binuwai da Ewekoro ta Ogun, akwai a Mfamosing kusa da Kalaba, inda ruwa ya ci dutsen ya yi ramuka da kogwanni. Duk wuraren nan an san su ne ta dalilin siminti. Ba laifi ba ne a yi siminti, da shi muke gini. Amma nakiya ɗaya tana iya mai da tarihin shekara dubu goma ya zama buhu guda, ba tare da kowa ya san an yi asara ba. Kogon Kalaba ba zai faɗi ruwan Gaya kai tsaye ba, don akwai shekarun da bakin teku ke jiƙewa sharkaf alhali arewa na ƙonewa. Sai dai iskar ɗaya ce, daga teku ɗaya take tasowa, kuma in aka haɗa agogon kogon kudu da shaidar jigayi da tafkunan arewa, za a sami abin da babu ɗayansu da zai bayar shi kaɗai. Na Sakkwato da Gombe, da yake sun fi kusa da irin daminarmu, su ya kamata a fara bincikawa.

Aikin farko ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil maƙwabciyar Gaya ce, Jami'ar Tarayya ta Dutse tana gabas, Bayero tana yamma. Ɗalibai za su iya tara ruwan sama na kowane wata a kwalabe a Gaya da Ajingi don a san irin oksijin da daminarmu ke zuwa da shi, domin in ba a san wannan ba, ko an sami turken ba za a iya fassara shi ba. Za su iya bin masu haƙar rijiya suna rubuta hawan ƙasa kafin a ɗaure ta da siminti, su kuma ɗebi yashin jigayi kafin tifofi su kwashe. Ya kamata hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa ta sa a riƙa sanar da ita duk kogon da aka fasa a wurin haƙar dutse, a ba masana ko da mako guda su shiga kafin a ci gaba.

Kai kuma mai karatu, in kana da labarin wani kogo a ko'ina cikin ƙasar nan inda ruwa ke ɗiga daga rufi, farin dutse yana tsirowa daga ƙasa, don Allah kada ka karya shi, kada ka bari yara su karya. Ka ɗauki hotonsa, ka rubuta sunan garin, ka kai wa sashen nazarin ƙasa na jami'ar da ta fi kusa da kai.